Labarin Birinel, Mutumin Da Ya Auna Taurin Ƙarfe

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san yadda a ke cinikin fartanya ranar kasuwa in bazara ta kawo kai. Manomi ba ya ɗauka ya biya haka kawai. Sai ya juya ta, ya buga ta da 'yar'uwarta ya kasa kunne ga amonta, ya shafa bakinta da babban yatsa, in ma maƙerin na kusa ya karɓi magagari ya ɗan goga ya ga ko zai kama. Abu biyu ya ke so ya sani. Na fari, ko ƙarfen yana da taurin da zai ci ƙasa, kada ƙasa ta cinye shi tun damina ba ta raba ba. Na biyu, ko zai jimre in ya gamu da kututture ko marmara, kada ya ɓalle. Abin kuwa ba na wasa ba ne, gama wanda fartanyarsa ta karye ana tsakiyar noman fari, ciyawa ba za ta dakata masa ya komo daga maƙera ba.

Sanin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Masu ba da labarin da sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna gindin Dala, daga gare shi Abagayawa suka fito. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Karaye kanta, da ya ke tana fuskar Katsina, ta ga takubba ba iyaka tun zamanin Wambai Giwa, wajen 1620, kuma a wannan zamani wanda takobinsa ya karye a fagen fama ba fartanya ya yi hasara ba, ransa ne. Amma fa duk wannan sani a ido ya ke, da kunne, da tafin hannu. Uba ya kan koya wa ɗansa a bakin zugazugi cikin shekaru masu yawa. In ka ce wa gwanin maƙeri ya rubuta wa wani maƙeri na Zariya takarda, ya gaya masa daidai yadda taurin wani ƙarfe ya ke, iyakar abin da zai iya faɗi shi ne mai tauri ne, ko mai tauri ne ƙwarai. To, ƙwarai ɗin wani ba ita ce ta wani ba. Haka maƙeran Turai ma suka zauna shekaru aru-aru. Mutumin da ya sa wa tauri lamba, har ya zama ana iya aika shi cikin wasiƙa, shi ne za mu ba da labarinsa. Sunansa Johan August Brinell, amma bari mu kira shi Birinel, don ya fi daɗin faɗi a bakinmu.

An haife shi cikin shekarar 1849 a wani ƙauye da a ke kira Bringetofta, cikin lardin Småland, kudancin ƙasar Suwidin. Ubansa manomi ne. Ƙasarsu ta duwatsu ce da dazuka, noma a cikinta sai da haƙuri, har ma daga 1867 zuwa 1869, sa'ad da ya ke saurayi, aka yi yunwa mai tsanani a Suwidin, mutanen lardinsu da yawa suka ƙetare teku zuwa Amurka neman abinci. Shi kuwa makarantar koyon sana'a ya shiga a garin Borås, ya fita cikin 1871. Wannan makaranta ta tsaka-tsaki ce, ba jami'a ba ce, abin da ya kamata mu da muka fito midil mu lura da shi. Da fitarsa ya yi 'yan shekaru yana zana siffar injuna a takarda a ma'aikatu dabam dabam. Cikin 1875 aka ɗauke shi injiniya a ma'aikatar ƙarfe ta Lesjöfors, daga nan kuma cikin 1882 ya koma Fagersta, aka ba shi shugabancin injiniyoyin wurin yana ɗan shekara 33. A Fagersta ya yi shekara 21, a can kuma ya yi aikin da a ke tunawa da shi.

Kafin mu ci gaba sai mu dubi halin da sana'ar ke ciki lokacin. Suwidin ta daɗe da yin suna wajen ƙarfe mai kyau, don tamarta tsarkakakkiya ce, kuma da gawayin itace su ke narka ta, kamar yadda kakanninmu ke yi da gawayin ƙirya. Har maƙeran wuƙaƙe na Sheffield a Ingila daga can su ke sayen nasu. Cikin 1856 wani Bature na Ingila, Henry Bessemer, ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe, abin da a da a ke yi cikin kwanaki ya koma na 'yan mintoci, kuma a Suwidin aka fara cin nasarar dabarar sosai cikin 1858. Ƙarfe ya yi yawa, ya yi araha. Aka shiga shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, ana gina gadoji da jiragen ruwa da tukwanen tururi. Sai ga wata wahala sabuwa. Mai saye yana wata ƙasa, mai ƙira yana wata, ba su taɓa ganin juna ba, ƙarfen kuwa ba na fartanya ɗaya ba ne balle a buga a ji amo, ton dubbai ne. In aka yi kuskure, gatarin ƙafar jirgi ya karye yana cikin gudu, mutane ne za su hallaka.

Abin da ke bambanta ƙarfe da ƙarfe, mafi yawa, shi ne sinadarin gawayi da ya shiga jikinsa, wanda masana ke kira kabon. Wanda ba shi da shi sai kaɗan ainun, taushi gare shi, yana lanƙwasuwa, ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi tauri ba. Wanda ya kai wajen kashi 1 cikin 100, shi ne na aska da magagari. In ya haura kashi 2 zuwa 4, ya zama ƙarfen zubi irin na tukunya, wanda in ya faɗi bisa dutse sai ya fashe kamar kasko. Amma ba a nan kaɗai maganar ta tsaya ba, gama ƙarfe guda, mai kabon guda, ya kan fito da hali iri iri bisa ga yadda wuta ta ci shi da yadda ya huce. Wannan shi ne abin da ya fara ɗauke hankalin Birinel.

Ga yadda ya yi. Sai ya ɗauki sandunan ƙarfe iri ɗaya, ya ƙona wannan ya ɗan yi ja, wancan ya yi ja wur, wani har ya yi fari. Wani ya tsoma shi a ruwa, wani ya bar shi ya huce a hankali, wani kuma bayan ya huce ya sake mai da shi wuta. Sa'an nan ya bi su ɗaya ɗaya yana karyawa, yana duban fuskar karayar, yana rubuta abin da ya gani. A wannan zamani ma'aunin zafin tanderu bai yaɗu ba, launin wuta shi ne abin dubawa, watau ashe idon maƙeri ya ke aiki da shi, sai dai shi yana riƙe da alƙalami. Ya tarar wanda wuta ta yi wa yawa ƙwayoyin cikinsa sun yi manya manya kamar tsaki, kuma da an buga shi sai ya ɓalle. Wanda ya sami wuta daidai kuwa cikinsa ya yi lumui kamar garin da aka tankaɗe. Abin da ya fi ban sha'awa, ya ga ƙarfen da ya lalace don yawan wuta ba lalle a yar da shi ba. In aka bar shi ya huce, aka sake ƙona shi zuwa wani matsayi na zafi ba a zarce ba, sai ƙwayoyin su komo ƙanana da kansu, ko ba a sa masa masaba ba. Ya buga wannan bincike cikin 1885. Gaskiya ne wani mutumin Rasha, Dmitri Chernov, ya riga shi gano waɗannan matsayai na zafi tun 1868, amma aikin Birinel ya ƙarfafa maganar, ya kuma shimfiɗa ta yadda mai aiki a bakin wuta zai amfana.

Yanzu an san dalili. In ƙarfe mai kabon ya haura digiri 730, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa, sai tsarin cikinsa ya fara sakewa, kabon ya narke ya bazu cikin jikinsa kamar gishiri a miya. In aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita, sai ya maƙale, shi ya sa ƙarfen ke yin tauri har magagari ya riƙa zamewa a kansa. Amma tare da taurin sai gautsi ya shigo. Don haka gwani ya kan sake ɗumama shi kaɗan, yana duban launin da ke bin jikinsa: in ya yi ruwan busasshiyar ciyawa, wajen digiri 230 ke nan, ya yi daidai da aska, in ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya rage tauri ya ƙara danƙo, ya yi daidai da sifirin.

To, saura awo. Hanyoyin da a ke da su kafin Birinel ba su biya bukatar ma'aikata ba. Akwai ta karta, wadda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara cikin 1812: ya jera duwatsu 10, kowanne yana kartar na ƙasa da shi, daimon ne na 10. A wannan jeri farcen mutum bai kai 3 ba, wuƙa tana tsakanin 5 da 6, ƙanƙarar ƙyastu kuwa 7 ce, shi ya sa ta ke kankaro ƙarfe har wuta ta tashi. Wannan ya isa ga masu sanin duwatsu, amma matakansa sun yi faɗi, ƙarafa masu hali dabam dabam sai su taru a mataki guda. Akwai kuma gwajin ja, inda a ke yanko sanda daga jikin ƙarfen, a gyara ta, a sa inji ya ja ta har ta tsinke. Wannan yana faɗin gaskiya, amma yana cin lokaci da kuɗi, kuma abin da aka gwada ya riga ya lalace. Ba ka iya tsinka gatarin jirgi don ka san ƙarfinsa, sa'an nan ka ɗaura wa jirgin.

Dabarar Birinel mai sauƙi ce, har mutum ya yi mamakin yadda ba a riga shi ba. A zamaninsa keke ya yaɗu a Turai, ana ƙera 'yan ƙwallayen ƙarfen nan masu santsi da tauri da a ke zubawa cikin cibiyar ƙafarsa, waɗanda masu gyara ke kira boris. Sai ya ɗauki ƙwallo irin wannan mai faɗin milimita 10, ya ɗora bisa ƙarfen da a ke so a gwada, bayan an goge wurin ya yi sumul, ya danna shi da nauyin kilo 3,000. Ku ƙaddara buhun masara 30, kowanne kilo 100, duk sun taru bisa abin da bai kai gurjiya biyu ba. In ƙarfen mai taushi ne, kamar jan ƙarfe, kilo 500 ya isa. A bar nauyin sakan 10 zuwa 15, a ɗauke. Sai a tarar ƙwallon ya bar ɗan gurbi kamar ƙoƙo. A duba bakin gurbin da madubi mai ƙara girma wanda ke da ma'auni a ciki, a lissafa faɗin cikin ƙoƙon duka, sa'an nan a raba nauyin da wannan faɗi. Abin da ya fito shi ne lambar taurin.

Bari mu buga misali, don 'yan'uwa masu son lissafi. In bakin gurbin ya kai milimita 5, faɗin cikin ƙoƙon murabba'in milimita 21 ne da 'yan kai, in aka raba 3,000 da shi sai a sami 143. Wannan ƙarfe ne mai taushi, irin na gini. In bakin milimita 4 ne, lambar 229. In milimita 3 ne kacal, lambar ta tashi 415, irin taurin sifirin na mota ke nan, wanda maƙeranmu ke nema ruwa a jallo don adda da gatari. Dalma kuwa wajen 5 ta ke, jan ƙarfe tsantsa wajen 35. Ba kuma a bukatar mai aikin ya yi ta lissafi kullum, an riga an buga jadawali, da ya auna bakin gurbi sai ya duba ya karanta.

Birinel ya lura da wani abu kuma wanda ya ninka amfanin dabarar. A ƙarafan da a ke aiki da su yau da kullum, lambar tauri tana tafiya tare da ƙarfin ja. In ka raba lambar gida 3, abin da ya fito ya yi kusa da yawan kilon da kowane murabba'in milimita na ƙarfen zai ɗauka kafin ya tsinke. Mai lamba 143 zai ɗauki wajen kilo 50. Ashe ke nan da ɗan gurbin da bai fi ƙwayar dawa ba, an san abin da a da sai an lalata sanda guda a ke sani, kuma kayan na nan lafiya, a sayar da shi a yi aiki da shi.

A ganina ba ƙwallon ne abin yabo ba, gama tun 1722 wani Bafaranshe mai suna Réaumur ya gwada danna ƙarfe da ƙarfe don ya ga wanda zai lotsa. Abin yabo shi ne ƙayyadewa. Ya tsai da girman ƙwallo, ya tsai da nauyi, ya tsai da yadda za a yi lissafi, har ya zama in yaro ya gwada a Fagersta, tsoho ya gwada a Sheffield, amsarsu ɗaya. Kamar mudu ne a kasuwa. Kowa ya san hatsi da yawa da hatsi kaɗan tun kafin a sassaƙa mudu, amma sai da aka yarda da mudu guda sa'an nan aka iya aiken yaro awo ba tare da an yi faɗa ba.

Wanda ya ke so ya nuna wa yara wannan a aji ba ya bukatar inji. Ya nemi boris guda wurin mai gyaran keke, ya sa shi tsakanin ƙarfe biyu, misali guntun jan ƙarfe da guntun rodi, ya ɗora bisa uwar maƙera ko dutse, ya buga da masaba sau ɗaya. Bugu ɗaya ne ya same su duka biyu, saboda haka wanda gurbinsa ya fi faɗi shi ya fi taushi. A kan wannan asali aka yi wani ɗan ma'auni na hannu wanda a ke ɗauka zuwa wurin manyan kayan da ba su ɗaukuwa. Sai dai a kiyaye idanun yara, don boris ya kan yi tsalle.

Cikin 1900 aka yi babban baje-koli na duniya a birnin Faris, a nan Birinel ya nuna dabararsa a fili. Shekara guda bayan haka wani ɗan ƙasarsu, Axel Wahlberg, ya bayyana ta da Turanci ga ƙungiyar masu sana'ar ƙarfe ta Ingila, daga nan ta bazu. Ba a daɗe ba ta shiga ma'aikatun Turai da Amurka, masu saye suka fara rubuta lambar da su ke so cikin takardar ciniki. In mun gwama da tarihinmu, 1900 ita ce shekarar da Turawan Ingila suka kafa tutarsu a Lokoja, 1903 da Birinel ya bar Fagersta ita ce shekarar da suka ci Kano, cikin 1911 kuma hanyar jirgi ta iso Kano. Daga zuwan jirgi, sa'an nan mota, guntayen ƙarfen Turai suka cika kasuwa, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafan dogo da na mota. Waɗannan ƙarafa ba halinsu ɗaya da na tama ba, wani in an tsoma shi a ruwa sai ya tsage, dole maƙeri ya sake koyon halin kowanne da hannunsa, gama shi guntun ƙarfe ya ke isa gare shi, takardar da ke ɗauke da lambar ba ta isa.

Kada fa mu ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Lambar Birinel tauri ta ke faɗi, ba ta faɗin jimiri, su kuwa biyun ba abu ɗaya ba ne, sau da yawa ma in ɗaya ya hau sai ɗayan ya sauka. Kwalba ta fi ƙusa tauri, amma jefa su ƙasa ka gani. Magagari yana cin kowane ƙarfe a maƙera, amma in ka sa shi ɓamɓare murfi sai ya karye biyu. Tauri shi ne ƙin lotsawa da ƙin kartuwa, jimiri kuwa shi ne shan bugu ba tare da tsagewa ba. Wanda ya yi suna wajen auna jimiri Bafaranshe ne, Georges Charpy, wanda ya bayyana tasa dabara cikin 1901, shekara guda bayan ta Birinel. A kan yanko ɗan guntun ƙarfe mai tsawon milimita 55, kauri 10, a yi masa tsaga a tsakiya, a kwantar da shi bisa madogara biyu. Sa'an nan a saki wata guduma mai nauyi da ke rataye kamar lilo, ta sauko ta buge shi ta bayan tsagar, ta karya shi ta wuce. In ƙarfen mai gautsi ne, gudumar ta kan tashi ɗaya gefen kusan inda ta fito, don bai rage mata ƙarfi ba. In mai danƙo ne, sai ya shanye ƙarfinta, ta ɗan ɗaga kaɗan ta komo. Bambancin tashin nan shi ne awon.

Duniya ba ta gane muhimmancin wannan sosai ba sai da ta ji a jika. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na kaya dubbai cikin gaggawa, ta hanyar walda maimakon ƙusoshi. Ran 16 ga Janairu 1943 wani sabon jirgin ɗaukar mai, sunansa Schenectady, yana tsaye a tashar Portland, ba hadari ba igiya, sai ya tsage biyu da ƙara mai tsanani. Wasu jirage da yawa suka tsattsage a tekun arewa mai sanyi. Ƙarfen nasu in an gwada shi ta wajen ja ko tauri ba a ganin laifinsa. Wata masaniya a Kambirij, Constance Tipper, tana cikin waɗanda suka nuna cewa irin wannan ƙarfe yana da wani matsayi na sanyi wanda in ya sauka ƙasa da shi sai danƙonsa ya tafi, ya koma kamar kwalba, kuma da ya ke jikin jirgin a haɗe ya ke da walda, in tsaga ta kama ba abin da zai tare ta. Tun daga nan a ke gwada ƙarfen jirage da na bututun mai da gudumar Charpy a cikin sanyi. Mu nan sanyinmu na hunturu bai kai can ba, amma maganar tsaga ta shafe mu: ɗan ƙaramin tsagi a wuyan gatari ko a haƙorin garmar shanu, nan ne karaya za ta soma.

Mu koma ga mutuminmu. Cikin 1902 aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Suwidin. Cikin 1903 ya koma Jernkontoret, watau ofishin da masu ma'aikatun ƙarfe na ƙasar suka kafa tun 1747 don kula da sana'arsu, ya zama babban injiniyansu har 1914. Cikin 1907 ƙungiyar nan ta Ingila ta ba shi lambar zinariya mai sunan Bessemer, a shekarar kuma jami'ar Uppsala ta ba ɗan manomin Bringetofta digirin dakta na girmamawa. Da aka kafa majalisar masana aikin injiniya ta Suwidin cikin 1919, yana cikin mutanenta.

Tsufa bai raba shi da gwaji ba. Cikin 1921, yana da shekara 72, ya buga wani bincike a kan cinyewar ƙarfe, abin da ya fi kusa da manomi cikin dukan ayyukansa. Ya shirya faifai mai juyawa, a danna abin da a ke gwadawa a jikinsa, yashi na zuba tsakaninsu, bayan wani lokaci a auna abin da yashin ya ci. Wanda ya tuna ƙanƙarar nan mai lamba 7 a jerin Mohs, wadda ita ce mafi yawan abin da ke cikin yashi, ya san dalilin da ya sa bakin fartanya ke ƙarewa da sauri a jigawa fiye da a fadama. Har yanzu ana gwajin yashi mai kama da nasa, sai dai an sa wa faifan roba a baki.

Tun yana da rai wasu suka ɗora bisa aikinsa, don ƙwallon yana da iyaka. In ƙarfen da a ke gwadawa ya yi tauri ƙwarai, ƙwallon da kansa ke lotsewa, in kuma siriri ne kamar reza, nauyin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka a Amurka aka fito da hanyar Rockwell, wadda aka yi wa rajista cikin 1919, mai auna zurfin gurbi a karanta nan take bisa agogo. A Ingila kuma cikin 1921 aka fito da ta Vickers, mai dannawa da ɗan daimon da aka fiƙe da siffar dalar gyaɗa irin wadda a da a ke yi a Kano. Duk da haka ba a bar ta Birinel ba, musamman ga kayan zubi da manyan ƙirarraki, don faɗin gurbinta ya kan haɗa wuri mai tauri da mai taushi ya ba da tsakaici. Abin da ya sake shi ne ƙwallon, yanzu da wani haɗi mai tsananin tauri a ke yinsa, na tangistin da kabon, yana iya auna har lamba 650.

Birinel ya rasu a birnin Sitokholm ran 17 ga Nuwamba 1925, yana da shekara 76. An sa sunansa ga wata makaranta a Fagersta, da wata a Nässjö kusa da ƙauyen haihuwarsa, da wani titi a babbar makarantar injiniya ta Sitokholm. A takardun ƙarfe kuma, in kun ga lamba tare da haruffan HB ko HBW, B ɗin nan tasa ce. Sunan ya shiga har bakin makanikai ta wata hanya dabam. In an ɗora wa keke ko amalanke kayan da ya fi ƙarfinsa, ko ƙafar mota ta faɗa rami da ƙarfi, boris ya kan danna kwanon da ya ke gudu a ciki ya bar 'yan gurabe a jere, daga nan ƙafar ta riƙa gurnani tana cijewa. Wannan lahani, a Turance, da sunan Birinel a ke kiransa.